Dawakin da Tudu Ke Cinyewa

Kalmar ma'auni daga auna ta fito, kamar yadda mabuɗi ya fito daga buɗe, madubi kuma daga duba. Duk wanda ya saba da kasuwar hatsi ya san cewa ma'auni ba ya yin shaida shi kaɗai. Tiyar wannan gari ba lalle ta yi daidai da ta wancan ba, kuma tiya ɗaya ma akwai shafaffiya, akwai mai tozo. Saboda haka mai hankali in an ce masa buhu ya ci tiya arba'in, yakan tambaya: tiyar ina, kuma wa ya auna? Irin wannan tambaya ce ta kamaci mai mota idan aka miƙa masa takarda aka ce injinsa na da ƙarfin doki kaza. Lambar da ke kan takardar rabinta halin injin ne, rabinta kuwa halin iskar da injin ya shaƙa ne a ranar da aka yi awon.

Tun asalinsa, ƙarfin doki awo ne na ƴan kasuwa. James Watt, wanda ya kyautata injin tururi a ƙarni na 18, shi ya yaɗa shi domin ya nuna wa masu saye dawaki nawa injinsa zai hutar. A lissafin yau, ƙarfin doki ɗaya na Ingila da Amurka wat 746 ne, na ƙasashen Turai masu awo da mita kuwa wat 735 da ɗan ɗoriya. Na'urar da ke auna wannan ƙarfi sunanta dainamomita, masu gareji kan taƙaita su ce daino. Ta farko da ta shahara wani Bafaranshe ne mai suna Gaspard de Prony ya ƙirƙiro ta a 1821. Birki ne kawai na katako da ke matse sandar da injin ke juyawa, da hannu mai tsawo da ke danna sikeli. A 1877 William Froude na Ingila ya fito da wadda ke yin birki da ruwa. Na zamani suna amfani da lantarki da kwamfuta, wasu ana ɗaura masu inji tsirara, wasu kuma ana hawa da mota sukutum a ɗora tayoyinta kan manyan ganguna na ƙarfe. Duk da haka abu biyu suke nema har yau: ƙarfin murɗawar da injin ke yi, da yawan juyinsa a minti ɗaya. In aka ninka wannan da wancan, sai ƙarfin doki ya fito.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne, inji da iska yake rayuwa fiye da mai. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, sai ya sami iska kilo 14.7. Lita ɗaya ta fetur tana buƙatar iska wajen lita 9,000. Injin lita biyu da ke juyi 3,000 a minti, in aka buɗe masa totur duka, yana iya zuƙar iska har lita 3,000 a cikin wannan minti. Zuba mai a silinda abu ne mai sauƙi, domin famfo na iya ƙarawa yadda ake so. Iska ce ke da iyaka, tun da girman silinda ba ya sakewa. Kullum mudu ɗaya take ɗiba, sai dai abin da ke cikin mudun ya yi nauyi ko ya yi shakwaf. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga misalin wannan da idonsa. Gawayi na nan jibge, amma ƙarfe ba ya yin ja sai yaron maƙeri ya dage da zuga-zugi.

Abu uku ke rage nauyin abin da ke cikin mudun nan. Na farko tsawon wuri. Iskar da ke bakin teku tana ɗauke da nauyin duk iskar da ke bisanta, don haka a matse take. Matsinta kilofaskal 101 ne da ɗan kai, kuma a zafin digiri 15 kowace mita mai kusurwa shida ta iska tana da nauyin kilo 1.225. Da mutum ya fara hawa, sai matsin ya riƙa sassautawa. Kason oksijin bai sake ba, yana nan 21 cikin 100 a tudu da gangare, amma iskar gaba ɗayanta ta yi sako-sako. Makanikai suna da ƙiyasin da suke aiki da shi: injin da ke zuƙar iska da kansa yana asarar kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Bisa wannan ƙiyasi, injin da ya ba da doki 100 a Kwatano zai ba da wajen 88 a Jos, wadda ke sama da teku da kimanin mita 1,200. A Denver ta Amurka, mai tsawon mita 1,609, zai sauko wajen 84. Babu abin da ya lalace a cikinsa, kuma ranar da ya gangaro dawakinsa za su dawo.

Na biyu zafi. Iska in ta ɗumama takan buɗe, sai nauyinta a kowane mudu ya ragu. Daga digiri 15 zuwa digiri 45, kaurin iska na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin goma. Asarar ƙarfin ba ta kai haka cif ba, domin iska mai zafi ta fi saurin kutsawa ta bututu, amma akan ƙiyasta kashi 1 cikin 100 a kowane digiri 6 ko kusa da haka. Ga kuma wata asara ta daban a motocin zamani: iska mai zafi tana sa fetur ya kama wuta kafin lokacinsa, injin ya riƙa ƙwanƙwasa, sai kwamfutar motar ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta tsare fistin, ƙarfi ya ƙara sauka. Na uku laima. Tururin ruwa ba ya ƙonewa, wuri kawai yake tarewa. A zafin digiri 30, iskar da ta ƙoshi da laima kimanin kashi 4 cikin 100 nata tururi ne. Ke nan a gari ɗaya kamar Yamai, mota ɗaya za ta ba da lamba uku: ɗaya da sanyin asubar hunturu, ɗaya da azahar ɗin Afrilu lokacin da zafi ya wuce digiri 40, ɗaya kuma a tsakiyar damina.

Ba a ɗauki wannan al'amari da zafi ba sai da jiragen sama suka shiga yaƙi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, jirgin da ya fi hawa sama shi ke da rinjaye, amma duk sa'ad da matuƙi ya ƙara nisa da ƙasa sai injinsa ya ƙara laushi. A nan ne labarin wani injiniya Ba'amurke, Sanford Moss, ya shigo. An haife shi a 1872, ya yi digirinsa na dakta a jami'ar Cornell a 1903, a kan inji mai farfela da hayaƙi mai zafi ke juyawa. Gwajinsa na lokacin bai kai gaci ba, domin abin da ke matsa wa injin iska yana cinye ƙarfin da farfelar ke bayarwa. Ya kama aiki a kamfanin General Electric, a garin Lynn na jihar Massachusetts, ya shafe shekaru yana ƙera na'urorin matsa iska na masana'antu. Wanda ya dube shi a lokacin zai ce ya ɓata ƙuruciyarsa a kan abin da bai yiwu ba.

A 1917, da Amurka ta shiga yaƙin, aka nemi kamfanin ya ƙera na'urar da za ta hana injin jirgi yin laushi a sama, aikin kuwa ya faɗo hannun Moss. Dabarar ba tasa ba ce tun fil azal. Alfred Büchi na Suwizalan ya yi rajistarta a 1905, Auguste Rateau kuma yana gwada irinta a Faransa a cikin yaƙin. Ga yadda take: hayaƙin da inji ke fitarwa, maimakon ya tafi a banza, sai a bi da shi ta kan wata ƴar farfela ya juya ta, ita kuma ta juya wata farfelar da ke cusa iska cikin silinda. Zuga-zugi ke nan da wutar maƙerar da kanta ke bugawa. Ita ce ake kira turbo a yau.

Matsalar Moss ta awo ce. Filin gwajin sojan sama, McCook, yana Dayton ta jihar Ohayo, wuri mai ƙasa-ƙasa. A can iskar ta riga ta ishi injin, saboda haka ba a iya ganin amfanin na'urar sosai, in kuma aka matsa mata sai a ɗora wa injin abin da ya fi ƙarfinsa. Yana iya zama da alƙalami ya lissafa abin da zai faru a sama, kuma da lissafin ya fito da kyau a takarda. Amma Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. A 1918 aka ɗora injin jirgi samfurin Liberty mai silinda 12 a kan babbar mota, tare da ma'aunin ƙarfinsa da sauran kayan gwaji, aka nufi dutsen Pikes Peak a jihar Kolorado, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 4,300 kuma akwai hanyar mota har can.

Abin da ma'aunin ya nuna ya shiga tarihi. Injin da ke ba da doki kimanin 350 a ƙasa, a kan dutsen ya sauko wajen 230. Wannan ya dace da halin iskar wurin, domin kaurinta a wannan tsawo kimanin kashi biyu ne cikin uku na iskar bakin teku. Da aka sa turbo ta kama aiki, sai ma'aunin ya hau zuwa 356. Inji ɗaya, mai ɗaya, ma'auni ɗaya, amma lamba uku, kuma ba wadda ta yi ƙarya a cikinsu. Yaƙin ya ƙare a Nuwamba na wannan shekara kafin na'urar ta isa fagen fama. Duk da haka a 1921 matuƙi John Macready ya hau sama da mita 10,000 a jirgi mai ɗauke da ita, a Yaƙin Duniya na Biyu kuma manyan jiragen B-17 da ita suka yi aiki. An ba Moss, tare da rundunar sojan saman ƙasarsa, lambar yabo ta Collier ta shekarar 1940. Ya rasu a 1946.

Sai dai ba kowa ke da halin ɗaukar inji ya kai shi kan dutse ko bakin teku ba. Kamfanin da ke tudu da wanda ke gangare dole su sami harshe ɗaya da za su yi ciniki da shi. Don haka injiniyoyi suka yi abin da sarkin kasuwa kan yi: suka tsayar da mudu guda. Suka ƙaddara wata rana ta misali, mai zafi kaza da matsin iska kaza, suka ce duk awon da aka yi a ko'ina a juya shi da lissafi ya koma abin da injin zai bayar a wannan rana. Lambar da ake ninka awon da ita ana ce mata lambar gyara. In an yi awo a tudu ko cikin zafi, lambar takan wuce ɗaya, ta ɗaga sakamakon. In an yi shi da sanyi a bakin teku, takan gaza ɗaya, ta sauke shi.

Da mudun ya zama ɗaya tak, da an huta. Amma ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE J1349, ta ɗauki digiri 25 da busasshiyar iska mai matsin kilofaskal 99. Ta Jamus, DIN 70020, ta ɗauki digiri 20 da kilofaskal 101.3. Wata tsohuwar ƙa'idar Amurka, J607, wadda har yanzu ake samu a kwamfutocin daino da sunan STD, ta ɗauki digiri 15.6 da kilofaskal 101.3. Tun da ranarta ta fi sanyi, iskarta kuma ta fi matsi, sakamakonta yakan ɗara na J1349 da kimanin kashi 4 cikin 100. Ma'ana, mai gareji na iya ƙara wa motar doki 300 wasu dawaki goma sha biyu ba tare da ya taɓa sifana ba, maɓalli kawai zai danna. An ga babban misalin wannan a Amurka a 1972, lokacin da kamfanonin motoci suka bar auna inji tsirara suka koma auna shi da matatar iska da salansa da duk abin da yake ja a cikin mota. Lambobin da ke cikin talla suka faɗi warwas a shekara ɗaya, kuma babban kaso na faɗuwar daga canjin ma'aunin ya zo.

Ita kanta lambar gyara tana da iyakar da aka gindaya mata. Ƙa'idar duniya ta ISO 1585 ta amince da gyaran injin fetur ne tsakanin 0.93 da 1.07, wato kada ya wuce kashi 7 cikin 100 sama ko ƙasa. In ya wuce, sai an rubuta yanayin da aka yi awon filla-filla a cikin rahoto. A gari kamar Denver, gyaran da ake buƙata yakan kai kashi 20 cikin 100 ko kusa. A irin wannan hali, kashi ɗaya cikin shida na lambar da ke kan takarda ba daga gangunan daino ya fito ba, daga lissafi ya fito. Lissafin kuwa an gina shi ne a kan zaton cewa injin yana amsa canjin iska kamar kowane inji, alhali kowanne da halinsa.

Inda zaton ya fi karyewa shi ne a kan jikokin na'urar Moss. Injin turbo na zamani yana da kwamfutar da ke sa ido a kan matsin iskar da ke shiga. In aka hau tudu, sai ta sa farfelar ta ƙara gudu har matsin ya koma yadda ake so, muddin turbon bai kai iyakarsa ba. Wato injin ya riga ya biya wa kansa mafi yawan bashin da tudu ya ɗora masa. In mai awo ya zo ya sake ninka sakamakon da cikakkiyar lambar gyara, an biya bashi ɗaya sau biyu ke nan, motar ta fito da dawakin da ba za ta taɓa nunawa a bakin teku ba. Ana ganin wannan bambanci a tseren Formula 1 na birnin Meksiko, wanda filinsa ke sama da mita 2,200. A zamanin injuna marasa turbo, motoci kan yi asarar wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsu a can. Masu turbo suna riƙe mafi yawan nasu, sai dai farfelarsu na shan wuya, kuma sanyaya inji da birki na zama aiki, tun da sako-sakon iska ba ta kwashe zafi da kyau.

Akwai kuma ƙananan abubuwa na cikin gareji waɗanda ba sa fitowa a takarda. Ma'aunin zafin da daino ke dogara da shi, in aka rataye shi kusa da salansa, zai gaya wa kwamfuta cewa ana zafin da ba a yi, ita kuwa ta ɗaga lambar gyara. Ɗakin da ba shi da isasshiyar fanka yakan cika da hayaƙi, injin ya riƙa shaƙar abin da ya fitar. Gwaji na biyar a jere ba ya yin daidai da na farko, domin ƙarfen injin ya riga ya jiƙe da zafi. Awon da aka yi a taya kuma kullum yana ƙasa da wanda aka yi a jikin inji, saboda giya da sauran ƙarafan da ke tsakani suna cin nasu rabo. Ruwa ba ya tsami banza: in lamba ta yi tsalle ba a sake komai a mota ba, akwai abin da ya sake a ɗakin.

Wannan magana tana da nauyi a aljihu. Mutumin da ya biya makaniki don a ƙara wa motarsa ƙarfi, aka auna ta da rana tsaka kafin aiki, aka sake aunawa da sanyin safiya bayan aiki ba tare da gyara ba, yana iya biyan kuɗin dawakin da asuba ta ba shi kyauta. Akasin haka ma na faruwa: makanikin kirki ya yi aiki mai kyau, zafin rana ya cinye shaidarsa, a zarge shi da cuta. Mai sayen janareta don asibiti ko injin ban-ruwa yana cikin wannan hali, domin ƙarfin da aka buga a jikin na'urar na ranar misali ne, shi ya sa kamfanoni ke haɗawa da jadawalin abin da za a rage saboda tsawon wuri da zafi. Wanda bai duba jadawalin ba zai ga janaretansa na durƙushewa a bazara, daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Direban tsohuwar babbar mota da ke tasowa daga Garwa ya hau tudun Ngaundere, mai tsawon fiye da mita 1,000, ya san abin a ƙafarsa. Yana taka totur, baƙin hayaƙi na ƙaruwa, domin man da ke shiga ya fi iskar da za ta ƙone shi.

Shi kansa dutsen Pikes Peak ya ci gaba da zama wurin gwaji. Tun 1916 ake tseren hawansa, daga mita 2,862 zuwa ƙololuwa, tafiyar kusan kilomita 20 mai kwana 156, kuma kowane inji mai ƙona mai yana isa sama da ƙarfin da bai kai wanda ya taso da shi ba. A 2018 Romain Dumas na Faransa ya hau shi cikin minti 7 da daƙiƙa 57 a motar Volkswagen mai aiki da batir, ya kafa tarihin da ya wuce na duk masu fetur. Motar lantarki ba ta shaƙar iska don ta yi ƙarfi, saboda haka tudu bai sami abin da zai karɓa daga gare ta ba sai ta wajen sanyaya batir da injinta.

Amma muddin ana ƙona mai a silinda, takardar daino ba ta cika sai da amsar tambayoyi kaɗan. A ina aka yi awon, kuma tsawon wurin nawa ne? Zafi da matsin iska da laima nawa ne a wannan sa'a? Lambar da aka rubuta ɗanya ce ko gyararriya, in gyararriya ce da wace ƙa'ida, kuma gyaran ya kai nawa? A taya aka auna ko a inji, injin kuma mai turbo ne ko maras shi? Mai awon da ke da gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, hasali ma yakan buga amsarsu a ƙasan takardar tun kafin a nema. Amfanin daino mafi girma shi ne gwada mota da kanta, kafin aiki da bayan aiki, a na'ura ɗaya, a rana ɗaya, da ƙa'ida ɗaya. Wanda ya ɗauko takardar wani gari ya aza kusa da ta wani gari yana gardama a kan doki biyar, tiyar Maraɗi yake gwadawa da mudun Kano.